Mustafa Alasan da Matsayin Mai Gwaji a Sana'ar Fim

Kowace sana'a da ɗan Adam ya riƙa, tun daga ƙira da saƙa har zuwa gini da likitanci, idan mutum ya dube ta da idon basira zai tarar ma'abotanta sun kasu gida biyu. Akwai jama'a masu yawa waɗanda suka karɓi aikin daga hannun magabata, suka kiyaye shi yadda aka miƙa musu, suna ci da shi suna ciyar da iyali. Akwai kuma 'yan kaɗan waɗanda Allah ya jarrabce su da yawan tambaya, ta yadda ba su iya riƙe kayan aiki a hannu face sun juya shi sun ga ko zai yi wani abin da ba a taɓa sa shi ya yi ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan rabo a fanninsu, inda suka bambanta mai taƙlidi da mai ijtihadi, ba su kuwa ɗora wa mai taƙlidi laifi ba, amma sun ba mujtahidi wata daraja ta dabam, domin a hannunsa ne ilmi ke samun amsar mas'alar da ba ta taɓa aukuwa ba. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, sana'ar fim a ƙasashenmu ta cika da masu bi, ta yi ƙarancin masu gwaji, kuma wannan ƙaranci asara ce da ya kamata ta dame mu, ko da yake ba irin asarar da ake gani a littafin ciniki ba ce.

A Turai da Amurka da Japan akwai wani jinsi na masu fim waɗanda ake kira masu fim na gwaji. Su labarin aure da saki da rabon gādo bai dame su ba kamar yadda haske da inuwa da sauti suka dame su, kuma tambayarsu kullum ita ce: mene ne iyakar abin da wannan na'ura za ta iya nuna wa ido, ta jiyar da kunne? Wasunsu ma ba su tsaya ga haɗa fim a kai shi gidan silima ba, su da kansu ke tsayawa a gaban jama'a da fitilu da na'urorin sauti, su haɗa abin gani da abin ji nan take, yadda kallon daren jiya ba zai zo daidai da na daren yau ba. Mai karatu zai iya zaton wannan al'amari ne na mutanen da suka ƙoshi har suka rasa abin yi, wanda ba ruwan talakan Sahel da shi. Amsar wannan zato tana nan kusa da mu, a rayuwar wani mutumin Nijar da aka haifa a 1942, ya yi ƙarshen zamansa a garin Tawa, ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015, watau Mustafa Alasan, wanda takardun Faransanci ke rubuta sunansa Moustapha Alassane.

Kafin a gane girman abin da ya yi, wajibi ne a san haƙiƙanin abin da ake kira fim. Babu wani hoto mai motsi a cikin zirin fim. Hotuna ne sandararru, jere ɗaya bayan ɗaya, ana wuce da guda 24 a gaban fitila cikin kowace daƙiƙa, a tsakanin kowane biyu kuma akwai ɗan duhu wanda mai kallo ba ya lura da shi, sai ido da ƙwaƙwalwa su haɗa su, su haifar da motsin da babu shi a zahiri. Ashe ke nan tushen sana'ar ilmin haske ne da ilmin gani, labari kuwa baƙo ne da ya zo daga baya ya sami masauki. Wannan ilmi ba baƙonmu ba ne, domin Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya yi aikinsa a Misira, ya bayyana a cikin Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, kuma bai gamsu da faɗa kawai ba sai da ya jarraba, ya jera fitilu a bayan ɗaki mai duhu, ya duba yadda haskensu ke ratsa ƙaramar kafa ya sauka a bango. Duk wanda ya ɗauki fitila da akwati ya ce bari in gani da idona, a kan sunnar wannan malami yake, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

Da irin wannan fitila da akwati Mustafa Alasan ya fara. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa tun yana yaro, kafin ya taɓa kyamara da hannunsa, yakan yanka siffofi ya yi wasan inuwa, ya zana hotuna a kan takarda mai sheƙi wadda haske ke ratsawa, ya sa fitila a bayansu ya haska wa jama'a. A dubi wannan aiki da kyau: yaron shi ne mai zane, shi ne maƙerin na'ura, shi ne mai jan hoton a gaban wuta, kuma idanun 'yan kallo suna kansa, in ya yi sauri su ɓata, in ya yi jinkiri su watse. Abin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne, a birnin New York an yi wani mashahurin mai fim na gwaji, Ken Jacobs, wanda aka haifa a 1933, ya shafe shekaru yana wasa a gaban jama'a da majigi biyu a lokaci guda, sa'an nan da girma ya zo masa ya ajiye zirin fim ɗungurungum, ya koma ga fitila da gilashi da wani faifai mai juyawa yana datse haske, manyan gidajen adana fasaha kuwa suka riƙa gayyatarsa. Matsayin da wannan dattijo ya isa bayan doguwar tafiya, a kusa da shi yaron Nijar ya buɗe ido, ba don ya karanta littafin kowa ba, sai don tambaya ta hana shi zama.

Mustafa ya koyi kanikanci, kuma ina ganin wannan ya yi masa amfani fiye da takardar shaida ta wata babbar makaranta, domin bakanike ba ya jin tsoron buɗe cikin inji. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya daɗe yana ɗaukar finafinai a bakin kogin Kwara, a cibiyar binciken da Rouch yake jagoranta, a can kuma ya sami damar taɓa kayan aiki. A 1962, Nijar tana da shekara biyu da samun mulkin kai, ya fitar da Aouré, gajeren fim a kan yadda ake neman aure da ɗaura shi a wani ƙauyen Zabarmawa, ya kuma yi La Bague du roi Koda, tatsuniyar azzalumin sarki da zobensa da wani masunci. Yana da kyau a tuna cewa Borom Sarret na Usman Sembene, wanda ake yawan lissafawa a matsayin mafarin fim ɗin Afirka ta Yamma, a 1963 ya fito. Wannan saurayi ɗan shekara 20 yana cikin sahun farko, ba a bayan kowa ba.

Ilmi ba ya inganta sai da isnadi, isnadin Mustafa kuwa ya bi ta Kanada. Rouch ya buɗe masa hanya ya tafi Montreal, hukumar fim ta ƙasar, inda ya zauna a gaban Norman McLaren, mutumin Sikotilan da aka haifa a 1914, wanda ya shiga hukumar a 1941 ya kafa mata sashen zane mai motsi. McLaren mutum ne da ya gano cewa ana iya yin fim ba tare da kyamara ba. Yakan shimfiɗa zirin fim a kan tebur, ya ɗauki alƙalami da tawada ya yi zane a kan kowane ɗan gida wanda faɗinsa bai wuce na tambarin wasiƙa ba, ko kuwa ya sami baƙin ziri ya riƙa kankare shi da allura da wuƙa, inda duk ya kankare nan haske zai ɓullo. Abin da ya fi wannan ban mamaki, a gefen zirin akwai wani siririn layi inda ake ajiye sauti a siffar haske, sai McLaren ya riƙa zana ƙananan layuka a wurin da hannunsa, in ya matsa su kusa da juna murya ta yi sama, in ya tazarta su ta yi ƙasa, har ya fitar da kiɗan da babu wani makaɗi da ya taɓa kaɗa shi. A fim ɗinsa Neighbours na 1952 ya ɗauki mutane biyu masu rai hoto ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta da suka hallaka juna a kan fure guda, aikin da ya samo masa lambar Oscar. Blinkity Blank kuma, wanda da kankara ya yi shi, ya ci babbar kyautar gajeren fim a Cannes a 1955.

Almajirin kirki ba muryar malaminsa yake kwaikwayo ba, hanyar tunaninsa yake ɗauka. Mustafa bai dawo gida yana zana ɗigo da layuka irin na McLaren ba. Abin da ya ɗauko shi ne yaƙinin cewa rashin kayan aiki ba uzuri ba ne, kuma mutum ɗaya da tebur ɗaya da haƙuri ya isa ya zama masana'anta. Sa'an nan ya juya wannan yaƙini ga abin da ya sani tun yana goye, watau tatsuniya, inda dabbobi ke magana su faɗi abin da bakin mutum ke nauyin faɗa. A 1965 ya yi La Mort de Gandji, zane mai motsi a kan fadar wani sarkin kwaɗi, wanda ake lissafa shi cikin na farkon irinsa a Afirka kudu da Sahara. A 1966 ya biyo da Bon Voyage Sim, fim na minti biyar, baƙin layi a kan farin fili, inda Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, aka yi masa rakiya zuwa jirgin sama, aka tarye shi da fareti da bushe-bushe da dukan shagalin da sababbin gwamnatocin Afirka suka gāda daga Turawa. Minti biyar, in an yi lissafi, gidan hoto 7,200 ne ke wucewa a gaban fitila, kuma hannu ne ya tanadi abin da ke cikinsu. A shekarar da sojoji suka kifar da gwamnati a Nijeriya da Gana da Volta ta Sama, wani saurayi a Yamai ya zauna da alƙalami ya nuna wa masu mulki kamanninsu a siffar kwaɗo, ba da zagi ba, ba da ashar ba, kuma har yau wanda ya kalli fim ɗin zai gane fuskokin da ya sani.

Amma aikinsa da ya fi shafar maganarmu shi ne Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966, watau komowar wani ɗan yawon duniya. Wani saurayi ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, malafa da takalma da ɗamara da bindigogi, ya rarraba wa abokansa, kowa ya ajiye sunan da aka raɗa masa ran suna ya ɗauki na silima. Suka hau dawaki suna sukuwa a dajin da raƙuman dawa ke kiwo, suka shiga caca da shaye-shaye da ƙwace, suka raina dattawa, har fitinar da suka kunna wa gari ta juyo kansu. A cikin 'yan wasan akwai Djingarey Maiga, wanda daga baya ya zama mai ba da umarni, da Zalika Souley, wadda ta zama tauraruwar farko ta fim ɗin Nijar. A wancan zamani gidajen silima na Yamai, kamar na Kano da Kaduna, cike suke da finafinan kaboyi, samari kuwa suna fitowa suna tafiya irin tasu. Mustafa bai hau mumbari ya ce a rufe silima ba. Ya ɗauki sigar fim ɗin kaboyin kanta, da dokinta da bindigarta, ya mai da ita madubi, yadda mai kallo zai shiga yana jin daɗin sukuwa ya fito yana tambayar kansa ko rigar wa yake sanye da ita. Wanda ya yi wannan ya fahimci cutar taƙlidin makanta, kuma ya fahimci cewa maganinta ba gudun abin baƙo ba ne, saninsa ne ciki da bai har a iya sarrafa shi.

Sauran ayyukansa na ambace su a taƙaice, domin su nuna cewa bai taɓa zama a inuwa ɗaya ba. A 1972 ya yi dogon fim, F.V.V.A., haruffan farko na kalmomin mace da gida da mota da kuɗi a Faransanci, a kan ƙaramin ma'aikacin da burin duniya ya kai shi ga cin amana. Ya yi Toula tare da Anna Soehring, daga labarin Bubu Hama, a kan fari da sadaukar da budurwa ga aljanin ruwa, a daidai shekarun da fari ya addabi Sahel. A 1977 ya koma ga 'yan tsana a Samba le Grand, daga baya kuma ya yi Kokoa, inda kwaɗo da hawainiya da tsuntsu suka shiga filin kokawa, ƙaguwa tana alƙalanci. Aikin 'yan tsana kuwa sai mai haƙurin gaske: a ɗaga hannun ɗan kokawa gwargwadon ƙwayar gero, a ɗauki hoto, a ƙara ɗagawa, a ƙara ɗauka, in gwiwar mutum ta bugi tebur aikin yini ya lalace. Ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai shekara 15, sa'an nan ya tare a Tawa, inda ya riƙe masaukin baƙi ya mai da wani sashe nasa ɗakin aiki, da kwamfuta ta zo kuma bai ce tsufa ya hana shi ba, ya zauna ya koye ta.

To, masu musun wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Hujja ta farko ita ce ta kasuwa. Mai shirya fim a Kano zai ce: Malam, ni bashi na ci na yi fim, ina da 'yan wasa da masu ɗauka da masu tace hoto da ke jiran haƙƙinsu, wa zai sayi kwaɗo na minti biyar? Wannan magana gaskiya ce, kuma masana'antar da ta taso tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 ta ciyar da dubban gidaje ba tare da tallafin kowa ba, abin da ya cancanci yabo. Ba a ce kowa ya bar abin da ke kawo abinci ba. Amma manomi mai hankali, komai yunwar bazara, ba ya cinye irin shuka, kuma yakan ware ɗan lungu a gonarsa ya jarraba sabon iri, in ya yi kyau baɗi ya faɗaɗa, in bai yi ba asarar kaɗan ce. Mai gwaji shi ne wannan lungu. Dabarun da ake gani yau a tallace-tallace da bidiyon waƙoƙi da rubutun farkon fim, da yawansu a ɗakunan irin su McLaren aka fara jarraba su, lokacin da babu mai sayensu. Masana'antar da ba ta da nata masu gwaji, dole ta riƙa aron sabon abu daga waje, jiya daga Indiya, yau daga Koriya ko Turkiyya, kullum tana jiran wani ya yi tunani ta kwafa.

Hujja ta biyu ta masu ganin duk wannan wasa ne da ɓata lokaci, wanda bai dace da mutum kamili ba. Amsarta tana cikin ayyukan kansu. Fim ɗin da ya yi wa shugabanni nasiha a kan alfahari, da wanda ya gargaɗi samari a kan zubar da mutuncin gidansu, da wanda ya nuna ƙarshen ma'aikaci maciyin amana, da na McLaren da ya nuna wautar maƙwabta masu kashe juna, in waɗannan wasa ne, to wasa ne da ya ɗauki kayan da huɗubobi da yawa ke ɗauka. Mutanenmu sun san wannan hikima tun kafin zuwan majigi, shi ya sa suka ɗora wa gizo da ƙoƙi da kura abin da ba a iya faɗa wa sarki ido da ido. Imam Gazali ma, da yake rarraba ilmi a cikin Ihya, ya sa likitanci da lissafi da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa a cikin abubuwan da in babu mai yinsu a gari, jama'a duka sun shiga ƙunci. A zamanin da yaro ke buɗe ido da hoto mai motsi a tafin hannunsa kafin ya iya haɗa baƙi, al'ummar da ba ta da masu zurfin sani a kan yadda hoto da sauti ke aiki a zuciya ta bar tarbiyyar 'ya'yanta a hannun waɗanda suka sani.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ita ce ke sa ni baƙin ciki. Ana cewa irin waɗannan mutane Turawa ne ke ɗaukar nauyinsu, Turawa ne ke kallonsu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan: finafinan ƙasashen Afirka rainon Faransa na wancan zamani, da yawansu da taimakon ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa aka yi su, a Paris aka wanke su aka tace, a can kuma kwafinsu ya zauna. Faransa ta ba Mustafa lambar girmamawarta ta Légion d'honneur a bikin Cannes na 2007, gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, ya shirya nunin ayyukansa a 2017, alhali kuwa za ka zaga Kano da Katsina da Sakkwato, bal ma Maraɗi da Damagaram, ka tambayi matasa masu sha'awar fim, kaɗan ne za su ce sun taɓa ganin aikinsa. Sai dai wannan hujja ba a kansa take ba, a kanmu take. Shi ya ɗauki majigi ya zaga garuruwa yana nuna wa talakawa fim, ya zaɓi zama a Tawa alhali yana da ƙofa a buɗe a Turai. Mu ne ba mu adana ba, ba mu nuna ba. Irin wannan sakaci ne ya sami Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɓace shekaru da dama, sai a 2016 aka gano zirinsa a ma'ajiyar hukumar fim ta Nijeriya, aka kai Berlin aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinan birnin a 2018.

Wajibi ne kuma in yi wa matasa wani tanbihi, kada su ɗauki maganata a matsayin lasisin shirme. Ijtihadi yana da sharuɗɗa, na farkonsu kuwa shi ne ƙwarewa a kan asali. Ba duk wanda ya karkata kyamara ko ya jirkita sauti ne ya zama mai gwaji ba, kamar yadda ba duk wanda ya saɓa wa malamai ne ya zama mujtahidi ba. Mustafa ya san inji har cikin hanjinsa, ya iya zane, ya san tatsuniyoyin mutanensa da kirarin 'yan kokawarsu, sa'an nan ya je ya durƙusa a gaban wanda ya fi shi sani. McLaren ya yi shekara fiye da 40 a hukuma ɗaya yana maimaita gwaji a kan gajerun finafinai. Wanda ke son wannan hanya ya shirya wa kaɗaici da ƙarancin yabo, ya kuma riƙe ƙana'a, domin sana'a ce da ba ta saurin biya. Amma ta fuskar kayan aiki, hujja ta riga ta yanke a kan 'yan zamanin nan: wayar da ke aljihun ɗalibi a yau ta fi duk kyamarar da Mustafa ya taɓa riƙewa a 1962 iya ɗaukar hoto da sauti, tana kuma iya ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya ta jera su, aikin da a da sai an aika ziri ƙetaren teku a jira watanni.

Saboda haka ina kira ga waɗanda abin ke hannunsu. Sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Abdu Mumuni a Yamai, da makarantar koyon fim ta Jos, su nemi kwafin finafinan Mustafa Alasan da na Umaru Ganda da sauran 'yan zamaninsu, su sa su cikin manhaja, su kuma wajabta wa kowane ɗalibi ya yi gajeren fim na minti ɗaya ko biyu wanda babu magana a cikinsa, domin ya koyi abin da haske da sauti ke iya faɗa su kaɗai. Gidajen talabijin na jihohi su ware ko da rubu'in sa'a a mako ga irin waɗannan gajerun ayyuka. Masu shirya bukukuwan ba da kyauta su buɗe rukuni na zane mai motsi da na gwaji, da kyautar da za ta sayi kayan aiki. Manyan masu shirya fim, waɗanda Allah ya buɗa musu, kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya mai yawan tambaya, ya ba shi ɗaki da kwamfuta da abinci na wata shida, kada ya tambaye shi riba. Hukumomin Nijar da Nijeriya kuma su haɗa hannu a kan adana tsofaffin finafinai, tun da zirin fim yana ruɓewa in zafi da laima suka same shi, abin da ya ruɓe kuwa ba ya dawowa. Iyaye da malaman makarantu su ma suna da nasu rabo, kuma shi ne mafi sauƙi: in sun ga yaro yana kwance tsohuwar rediyo ko yana cika gefen littafinsa da zane, su bincika abin da yake nema kafin su tsawata masa, su kai shi wurin wanda zai koya masa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa ko izinin wata ƙasar waje, kuma kowannensu ana iya fara shi a cikin wannan shekara.